Surar da ta katse labarin Yusufu: yadda masana adabi ke karanta Attaura da Linjila

Duk wanda ya buɗe Littafin Farawa, wanda shi ne na farko a Attaurar Yahudawa kuma na farko a Littafi Mai Tsarki na Kirista, ya bi labarin Yusufu, zai yi tuntuɓe a wuri guda. Sura ta 37 ta ƙare ne a daidai inda hankali ya fi tashi: an sayar da yaro ɗan shekara 17, an kai shi Masar gidan Fotifar, uba na can gida yana kuka ya ƙi rarrasuwa. Mai karatu na ɗokin jin halin da yaron ya shiga, sai sura ta 38 ta ajiye shi gefe ɗungurungum, ta ɗauko labarin wansa Yahuza da matar ɗansa Tamar, aya 30 cur babu ko ambaton sunan Yusufu. Sai a sura ta 39 aka koma Masar aka ɗora daga inda aka tsaya.

Me ya kawo wannan sura nan? Amsar da aka fi ji a jami'o'in Turai da Amurka tsawon lokaci ita ce cuso ta aka yi. Wannan amsa tana da tarihi. A 1753 wani likita Bafaranshe, Jean Astruc, ya lura cewa Farawa na kiran Allah da suna iri biyu a Ibrananci, ya ce ai takardu daban-daban ne aka haɗa. Bajamushe Julius Wellhausen ya kammala ginin a 1878, da ra'ayin cewa littattafai biyar na Attaura sun fito ne daga manyan tushe huɗu da aka ɗinke a zamani daban-daban. Daga nan aikin malami ya koma neman wurin ɗinki. In an maimaita magana, hannu biyu ke nan. In labari ya katse, wani ya cusa wani abu. Har a 1964 sharhin E. A. Speiser a kan Farawa ya ɗauki sura ta 38 a matsayin labari mai zaman kansa da ba ruwansa da na Yusufu.

Kada a raina waɗannan malamai, don abin da suka gani na gaske ne. A cikin sura ta 37 kanta, wani wuri Isma'ilawa ne suka sayi Yusufu, wani wuri Madayanawa ne suka sayar da shi a Masar. A nan babban wansa Ra'ubainu ne ke son ceton sa, a can Yahuza ne ke magana. Amma babbar riga ma da tsaga-tsagan saƙa ake haɗa ta, kuma wanda ya warware ta don ya ƙidaya tsagogin zai san adadinsu daidai, sai dai ba zai ƙara ganin aska takwas ɗin da aka yi a ƙirjinta ba. Karatun adabi da balaga yana yin wata tambaya daban: ko ma daga ina wannan yanki ya fito, wane aiki yake yi a wurin da aka sa shi?

Ga abin da nassin ya faɗa, kuma abin da ya faɗa nake kawowa. Musulmi mai karatu ya san Suratu Yusuf ba ta ɗauke da wannan labari. Yahuza ya rabu da 'yan'uwansa ya auri Bakan'aniya, ta haifa masa 'ya'ya uku, Er da Onan da Shela. Ya aura wa Er Tamar, Er ya mutu ba ɗa. Bisa al'adar lokacin, ƙane ne zai aure ta ya tayar wa marigayi zuriya, sai Onan ya ƙi cika wannan haƙƙi, shi ma ya mutu. Tsoro ya kama Yahuza, ya ce wa Tamar ta koma gidan ubanta har Shela ya girma, alhali a zuciyarsa ba shi da niyyar ba ta shi. Shela ya girma, shiru. Matar nan ba ta da miji, ba ta da ɗa, ba ta kuma da 'yancin yin wani aure. Da ta ji Yahuza, wanda matarsa ta riga ta rasu, zai tafi Timna wurin sausayar tumaki, sai ta tuɓe tufafin takaba ta lulluɓe fuska ta zauna a bakin hanya. Bai gane ta ba, ya zaci karuwa ce, ya yi mata alkawarin ɗan akuya. Ta ce sai da jingina: hatiminsa da igiyar hatimin da sandarsa, wato abubuwan da ake shaida mutum da su. Bayan wata uku aka gaya masa surukarsa na da ciki. Hukuncinsa a Ibrananci kalma biyu ne kacal: a fito da ita, a ƙone ta. Ana cikin fito da ita sai ta aika masa da kayan nan uku, da saƙon cewa mai waɗannan kaya shi ne mai cikin, "duba ka gane, na wane ne." Ya duba ya gane, ya ce ta fi shi gaskiya, tunda bai ba ta Shela ba.

Yanzu a koma baya da sura ɗaya. Da 'yan'uwan suka sayar da Yusufu, bisa shawarar Yahuza, sun yanka akuya suka tsoma rigarsa a jini suka aika wa Yakubu, da saƙon cewa ga abin da muka tsinta, "duba ka gane, ko rigar ɗanka ce." Ya duba ya gane. Lafazin da suka yi amfani da shi, haker na, shi ne dai Tamar ta aika wa Yahuza, kuma a duk Littafi Mai Tsarki na Ibrananci a waɗannan wurare biyu kaɗai ya zo da wannan siga. A duka biyun an aiko da kaya ne maimakon a yi magana baki da baki, a duka biyun akwai akuya, akwai tufa da ta ɓoye gaskiya, kuma an bar uba ya yanke wa kansa hukunci da idonsa. Bambancin shi ne Yahuza yana cikin masu aikawa a karon farko, a karo na biyu shi aka aika wa, kuma shaidar farko ƙarya ce, ta biyun gaskiya.

Malaman Yahudawa na dā ba su bar wannan ya wuce su ba. Bereshit Rabbah, tarin tafsirin Farawa da aka haɗa wajen ƙarni na 5, ya kawo cewa Allah ya ce wa Yahuza, kai ka ce wa mahaifinka duba ka gane, to Tamar za ta faɗa maka haka; ka yaudari mahaifinka da akuya, to da akuya za a yaudare ka. Robert Alter, a lokacin malamin adabi a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, da wannan sura ya buɗe littafinsa The Art of Biblical Narrative a 1981, ya kuma amsa cewa tsofaffin masu tafsiri sun riga shi. Inda suka rabu shi ne su darasi suke cirewa, mutum ya girbi abin da ya shuka, shi kuwa yana bin yadda aka gina labarin tun daga tushe.

Da zarar kunne ya kama wannan zare, sai ka ga ya ratsa gaba da baya. A sura ta 27 Yakubu ya sa tufafin wansa Isuwa, ya ɗaura fatar 'yan awaki a hannu, mahaifinsa Ishaku da idonsa ya dushe "bai gane shi ba." A sura ta 39 matar Fotifar ta riƙe rigar Yusufu ta mai da ita shaidar zur, riga ta biyu ke nan da aka tuɓe masa aka yi ƙarya da ita, kuma an jera mutumin da ya bi sha'awarsa a bakin hanya kusa da ƙanensa da ya gudu ya bar riga, ba tare da marubucin ya ce uffan a kan kwatancin ba. A sura ta 42 'yan'uwan sun tsaya gaban Yusufu a Masar, ya gane su, su ba su gane shi ba.

Amma abin da ya fi taɓa ni a cikin wannan duka shi ne jingina. Da yunwa ta tsananta, Yakubu ya ƙi sakin autansa Biliyaminu ya bi su Masar, Ra'ubainu ya ce a kashe 'ya'yansa biyu in bai dawo da yaron ba, uban bai ko saurare shi ba. Wane kaka ne zai sami sanyin zuciya da kisan jikokinsa? Sai Yahuza ya tashi ya ce shi ne lamunin yaron, daga hannunsa za a neme shi, kuma kalmar lamunin tushenta ɗaya da jinginar da ya ba Tamar. Mutumin da ya taɓa jinginar da hatiminsa don biyan buƙatar ɗan lokaci, yanzu kansa ya jinginar. Shi ne kuma, a cikin su duka, aka nuna mana ya binne 'ya'ya biyu ya ƙanƙame na ukun saboda tsoro, don haka ya san abin da ke cin tsohon nan. A sura ta 44, da aka tsinci ƙoƙon azurfa a buhun Biliyaminu, Yahuza ya matso ya yi jawabi mafi tsawo a duk Farawa, daga aya ta 18 zuwa ta 34. Bai yi gardamar sata ba. Uba yake ta ambata, uba, uba, har ya maimaita da bakinsa maganar Yakubu cewa matarsa 'ya'ya biyu ta haifa masa, maganar da ta share shi da mahaifiyarsa daga lissafi. Wannan fifikon ne ya sa suka jefa Yusufu a rijiya, ga shi yau ya karɓe shi ya mai da shi hujjar roƙo, ya ce a riƙe shi bawa a saki yaron. Nan take Yusufu ya kasa daurewa ya bayyana kansa. In ka cire sura ta 38, ba ka da hanyar da za ka bi daga mai cewa mu sayar da shi zuwa mai cewa a ɗauke ni a madadinsa.

Irin wannan karatu ya girme wa Alter nesa ba kusa ba. Agustin, bishop ɗin Hippo da ke Aljeriya ta yau, malamin balaga ne a Kartej da Rum da Milan kafin ya zama Kirista, kuma ya faɗa da kansa cewa da farko ya raina salon Littafi Mai Tsarki in an gwada shi da na Cicero, gwanin balaga na Rum ta dā. A ƙarshen rayuwarsa, wajen 426, ya zauna yana feɗe jimlolin Manzo Bulus da na Annabi Amos gaɓa-gaɓa don ya nuna fasaharsu. A Andalus, Musa ibn Ezra na Garnaɗa ya yi littafi da Larabci inda ya ɗauki ma'aunan badi'i, wato ilimin ƙawata magana na Larabawa, ya auna nassin Ibrananci da su, abin da duk wanda ya karanci balaga a zaure zai gane nan da nan. A Mantua ta Italiya, wajen 1475, Yahuda Messer Leon ya yi haka da ƙa'idojin Aristotle da Cicero. Robert Lowth na Oxford, a 1753, shekarar da Astruc ya fitar da nasa, ya bayyana cewa waƙar Ibrananci ba a kan amsa-amo take tafiya ba, a kan layi biyu ne masu amsa wa juna. Sai kuma James Muilenburg, a jawabinsa na shugaban ƙungiyar masana Littafi Mai Tsarki ta Amurka a 1968, ya yi kira da a koma ga nazarin balaga, a daina tsayawa ga rarraba nassi gida-gida.

Balaga ta ɗan bambanta da nazarin labari, domin ita tana tambaya ne wa ke magana, da wa, kuma me yake so su yi. Amos shi ne misalin da ya fi fito da wannan. Makiyayi ne daga Tekowa a ƙasar Yahuza, ya haura masarautar Isra'ila ta arewa a zamanin Yerobowam na biyu, wajen shekara 760 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da masu hali ke cikin daula. Baƙo ne, ba wanda zai tsaya ya ji ya zage shi. Sai ya fara da maƙiyansu. Saboda laifi uku na Dimashƙu, har huɗu, hukunci ba zai janye ba. Sai Gaza, da wannan lafazi. Sai Taya, sai Edom, sai Ammon, sai Mowab, kowa da zaluncin da ya yi a yaƙi ko a cinikin bayi. Ka ƙaddara kana cikin taron: kowane suna aka kira kana gyaɗa kai, ka kuma amince, ba tare da ka lura ba, cewa Allah na kama al'umma da laifin zaluntar mai rauni. Na bakwai Yahuza ce, ƙasar mai maganar kansa, kuma bakwai a wurinsu lambar cika ce, don haka kowa ya ɗauka an gama. Sai ga na takwas, Isra'ila, kuma shi ya fi duka tsawo: sun sayar da mai gaskiya saboda azurfa, matalauci kuma saboda takalmi ƙafa biyu, suna kwanciya a gindin bagade, wurin miƙa hadaya, a kan tufafin da suka karɓa jingina. Ma'aunin da suka yarda da shi sau bakwai a kan wasu, da shi aka auna su. Masu binciken tushe da yawa na ganin yankin Taya da Edom da Yahuza daga baya aka ƙara su. Ko da haka ne, tarkon na nan, kuma wanda ya ƙara ya fahimce shi ne har ya cika lissafin.

A ɓangaren Kirista, Linjilar Markus na da ɗabi'ar tsaga labari ta sa wani a tsakiya. A sura ta 5, Yayirus shugaban majami'a ya roƙi Yesu ya zo don 'yarsa na bakin mutuwa. Suna hanya sai wata mata mai zubar jini shekara 12 ta taɓa rigarsa daga baya, ya tsaya neman wanda ya taɓa shi, kafin a gama aka zo da labarin yarinyar ta cika. Sai a ƙarshe Markus ya faɗi shekarun yarinyar: 12. Ɗaya 'yar babban mutum ce mai uban da zai roƙa mata, ɗayar ba a ko faɗi sunanta ba kuma ta ƙarar da abin hannunta wurin masu magani, ita ce kuma Yesu ya kira 'yata. Jinkirin da ya zama kamar katsalandan shi ne ya sa labaran biyu ke fassara juna. Wasiƙun Bulus kuwa fagen balaga ne kai tsaye. Kusan kullum yakan bi gaisuwa da godiya ga Allah saboda waɗanda yake rubuta wa. A wasiƙar Galatiyawa ya tsallake godiyar ya shiga da cewa yana mamakin saurin juyawarsu. Wanda ya san tsarin wasiƙa zai ji zafin abin da aka ƙi faɗa tun kafin a kai ga inda ya kira su marasa azanci.

A nan ne kuma rauni ke fara bayyana. Hans Dieter Betz, a sharhinsa na 1979, ya ce Galatiyawa jawabin kare kai ne irin na gaban alƙali, ya yanka ta bisa gaɓoɓin da littattafan balagar Girka da Rum suka tsara. George Kennedy a 1984 ya ɗauki ma'aunan nan dai ya ce a'a, jawabin shawara ne mai neman mutane su zaɓi hanya. Manyan masana biyu, awo ɗaya, sakamako biyu. Ni ina ganin Kennedy ya fi kusa, don surori biyu na ƙarshe gargaɗi ne zalla, wanda ba shi da gurbi a jawabin kotu. Amma saɓanin kansa ya nuna haɗarin tilasta wa wasiƙa shiga ma'aunin da aka yi wa jawabin dandali.

Labarin Yahuza ma bai tsira ba. Yusufu na da shekara 17 aka sayar da shi, 30 ya tsaya gaban Fir'auna, aka yi 7 na ƙoshi da 2 na yunwa kafin Yakubu ya sauka Masar, jimla 22. A cikin wannan tazara ake so Yahuza ya yi aure, 'ya'ya uku su girma, Tamar ta haifi tagwayenta Feresa da Zera, har sura ta 46 ta lissafa 'ya'yan Feresa biyu cikin zuriyar. Lissafin bai fita ba, kuma Ibrahim ibn Ezra ya lura da haka tun ƙarni na 12, ya ce lallai farkon labarin ya riga sayar da Yusufu. Kyan saƙar bai goge wannan ba. Abin da yake nunawa shi ne wanda ya jera surorin ba kalanda yake bi ba, kuma ko marubuci ɗaya ne ko mai tarawa ne daga baya, adabi kaɗai ba zai iya yanke hukunci ba. Masu ɗaukar kowane kyakkyawan tsari su ce ga hujja hannu ɗaya ne ya rubuta, sun ɗora wa hanyar kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Inda aka fi zarce gona da iri shi ne tsarin zobe, wato nassi ya tafi mataki-mataki zuwa tsakiya sannan ya dawo ta kan matakan a juye. Nils Lund ya yaɗa neman sa a Sabon Alkawari a 1942, daga baya ya zama ruwan dare, har Michel Cuypers ya ɗauki hanyar Roland Meynet ta neman wannan tsari a Littafi Mai Tsarki ya gwada ta a kan Suratul Ma'ida, a fagen da malaman Musulunci irin su Farahi da Islahi suka daɗe suna magana a kan nazmu, wato tsarin jeruwar ayoyin Alƙur'ani. Tsarin na nan da gaske a wurare da dama, amma mai nema da ƙwazo zai same shi ko'ina in an bar shi ya zaɓi abin da zai ƙidaya ya kuma raɗa wa kowane yanki sunan da ya ga dama. Gwajin da na yarda da shi shi ne a ga kalmomin nassin kansu sun maimaitu, a kuma faɗi abin da aka bari a waje.

Labarin ruwan Tsufana ya nuna duka fuskokin biyu. Gordon Wenham ya nuna a 1978 cewa kwanakin da ke cikinsa sun jeru 7, 7, 40, 150, sannan 150, 40, 7, 7, kuma a tsakiyarsu cif, a farkon sura ta 8, aka ce Allah ya tuna da Nuhu, daga nan ruwa ya fara janyewa. Lambobin suna cikin nassin, kowa na iya dubawa. J. A. Emerton na Kembrij ya mayar masa da martani cewa sai da aka tsallake wasu abubuwa kafin jerin ya daidaita, kuma kwana 40 ɗin farko an ambace shi fiye da sau ɗaya. A cikin wannan labarin ne kuma sura ta 6 ta ce a shigar da dabbobi biyu-biyu daga kowane iri, sura ta 7 ta ce bakwai-bakwai daga masu tsarki, kuma jerin lambobin Wenham bai taɓa wannan saɓani ba.